Guzurin Mai Keke a Hanyoyin Salaga, Yendi da Bawku

Kayan gyaran da mai keke ke ɗauka a arewacin Ghana sun samo asali daga wata doka da ta girmi keken kansa: matafiyi ba ya barin zango sai da abin da zai ɗinke ɓarakar hanya. A ƙarni na 19, lokacin da Salaga take babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ayarin fatake kan taso daga can su bi ta Yendi da Sansanne Mango su nufi Kano, tafiyar watanni. Basilla da igiya da guntun fata ba sa rabuwa da mai jaki, domin mangala na iya yagewa a dajin da babu baduku. Kasuwar ta fara ja da baya bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwarta, amma hanyoyin ba su mutu ba.

Keke ya bi sawun jaki a zamanin mulkin mallaka. Da farko abin hawan malaman makaranta ne da akawu da masinja, daga baya manoma da 'yan kasuwa suka karɓe shi. Raleigh na birnin Nottingham shi ya yi suna, sai Phoenix na Shanghai ya shigo da sauƙin kuɗi. Dukansu ƙira ɗaya ce: baƙin keke mai nauyi, taya inci 28, birkin sandar ƙarfe, giya guda. Wannan sauƙin ƙira shi ya tsara guzurin. Famfo yana maƙale a jikin keken, sifana mai baki da yawa tana cikin 'yar jakar bayan sirdi, tare da sholisho da faci.

Hanya ce ke zaɓar sauran. Wajen Salaga da Bimbila, inda ake ɗora doya da gawayi, nauyi da gargadar jar ƙasa kan karya wayoyin ƙafar baya, don haka mai lura yakan ɗaure biyu ko uku a jikin keken. A ƙasar Bawku, mai kai albasa kasuwar da ke ci duk bayan kwana uku ya fi fama da ƙaya, musamman da rani. Shi faci yake ƙarawa. Akwai kuma ƙanana waɗanda ake rainawa: 'yar robar bakin bawul, wadda in ta tsage iska ba ta zama ko tib ɗin sabo ne, da ƙusar da ke riƙe ƙafar feda, da mahaɗin sarƙa. Ba su cika tafin hannu ba, amma rashin ɗayansu na sa mutum ya tura kaya har faɗuwar rana.

Ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, lokacin da kaya suka yi ƙaranci a kantunan Ghana, shi ne ya fi gwada basirar masu keke. Sabon tib ya zama abin nema. Tsohon kuwa ba a yar da shi: a yanko faci daga jikinsa, a kankare da dutse ko bakin wuƙa kafin a shafa sholisho, ragowar a tsaga ta zama robar ɗaure kaya. Tayar da ta fashe akan ɗinke ta da zare mai ƙarfi. In tib ya ƙi gyaruwa, sai a cusa ciyawa cikin tayar a lallaɓa zuwa gari. Mutanen Bawku sun ɗan fi samun sauƙi saboda kusancinsu da iyakokin Togo da Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta.

Shigowar kekunan gwanjo daga Turai da Japan ta sauya lissafin. Suna da giya da yawa da birkin waya, ƙusoshinsu kuma ba sa amsa tsohuwar sifana, sai ƙaramin makulli mai kusurwa shida. Sun fi daɗin hawa, amma kayansu ba sa samuwa a kowane ƙauye, girman tayoyinsu ma ya bambanta. Mai irin wannan keken dole ya ɗauki tib daidai da tayarsa da wayar birki ta ajiya, abin da mai Phoenix bai taɓa buƙata ba, tunda duk mai faci a gindin bishiya tsakanin Yendi da Gushegu yana da kayansa. Wannan ne ya sa masu dakon doya da albasa da yawa ba su rabu da tsohon baƙin keken ba, ko bayan babur ya cika hanyoyin.