Injin Juya Jini: Sana'ar da Aka Gina Bisa Aro

Duk wanda aka taɓa turawa gwajin PCV a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ga yadda ake yi: jini ya hau siririn bututun gilashi, a toshe gindinsa, a kwantar da shi cikin inji ya yi ta wulwulawa kamar minti biyar. In aka ciro, jan ya kwanta a ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa ya tsaya a sama. Wannan dabara ba a asibiti aka haife ta ba. Masu sana'ar madara ne suka raine ta, musamman bayan Gustaf de Laval, mutumin Suwidin, ya fito da injinsa na raba maiƙo da madara a 1878. Aro likitoci suka yi, kuma a ganina tarihin sana'ar gaba ɗaya ke nan: a aro, a gyara.

Gyara mafi wuya ya zo a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Norman Anderson na cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ya ƙera faifai mai ramuka, jini a wannan rami, sinadari a wancan. Da faifan ya ɗauki gudu sai ya watsa su cikin ƙananan kofuna a bakinsa, haske ya ratsa, inji ya karanta sauyin launi. Sai dai juyi rabawa yake yi, ba ya gaurayawa, ruwa biyu na iya zama kofi ɗaya kowa da shimfiɗarsa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi ita ce a ba faifan wuta, a taka masa burki, a sake ba shi. Mace mai kaɗa miyar kuka ta san wannan sarai, domin gaba da baya take murza maburgi tsakanin tafukanta, ba gefe guda ba. Zuwa 1995 injin Piccolo ya shiga kasuwa, da busasshen sinadari cikin faifan, ɗigon jini kaɗan, sakamako cikin minti 12 ko makamancin haka.

Wani zai ce duk wannan kayan Turawa ne, ba shi da saiwa a Sakkwato. Ai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu kan basir da ciwon ido, yana tsamowa daga littattafan likitocin Larabawa, su ma sun tsamo daga Girkawa. Aro ba baƙo ba ne a birnin Shehu. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na zafi da wuta: irin waɗannan faifai a firij ake ajiye su, ga Afrilun Sakkwato yana haura digiri 40, lantarki kuwa sai ya ga dama. Wannan gaskiya ce, amma gyara take nema. A 2017 Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya raba jini da faifan takarda da zare kawai, irin wasan maɓalli da yara ke ja yana wulwulawa, babu ko batir. Malamai da ɗaliban kimiyyar gwaje-gwajen asibiti na jami'armu ta Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa tun 1975, sinadarin da zai jure bazararmu ba firij yana jiran hannunku.