Tarihin Sayen Antibairos a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Al'adar saya wa sabuwar kwamfuta manhajar kariya ta samo asali ne tun zamanin da cutar kwamfuta ke yawo a cikin faifai. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka ƙirƙiri bairos mai suna Brain, wanda ke bin faifan filofi daga na'ura zuwa na'ura. Shekara guda bayan haka kamfanin McAfee ya fito da maganinsa, antibairos na Norton ya biyo baya a 1991, daga nan sayar da kariya ya zama sana'a mai zaman kanta.

A Funtua da Malumfashi, da garuruwa irin su Karfi, yawancin mutane a shagunan buga takardu da na intanet suka fara taɓa kwamfuta, musamman bayan shigowar wayar salula a 2001. Kwamfuta ɗaya ce ke yi wa unguwa aiki: takardar neman aiki, katin biki, sakamakon jarrabawa, lissafin ƙungiyar manoma. Kowa da filashinsa a aljihu, kuma ta nan cutar ta sami hanya. Ɗalibi zai kawo aikin da ya kwana yana bugawa, a soka filashin, sai a tarar manyan fayilolin sun ɓuya, an bar wasu 'yan gumaka masu kibiya da ba sa buɗe komai. Mai shago ya ce "bairos ne ya ci", a yi fomatin, a sake ɗora Windows daga kwafin faifai. Shi ya sa masu gyara suka riƙi Avast da AVG da Kaspersky, daga baya kuma Smadav ta ƙasar Indunusiya, wadda ta yi suna wajen wanke filashi. A wancan lokacin mai shago ba shi da zaɓi, domin Windows XP ba ta zuwa da antibairos nata.

Abin ya sauya a hankali. Microsoft ya fitar da Security Essentials kyauta a 2009, sannan a 2012 ya saka Defender a cikin Windows 8 a matsayin cikakken antibairos. Harin bairos ɗin WannaCry na Mayun 2017, wanda ya shafi ƙasashe sama da 150 har da asibitocin Ingila, ya fi kama na'urorin da ba a sabunta ba, alhali tun watan Maris aka fitar da gyaran.

Nan ne matsalar yankin take a yau. Kwamfutocin da ake sarowa daga Kano da yawansu na hannu ne, ɗauke da Windows na jabu ko wanda ya tsufa. An daina sabunta Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Ɗora antibairos mai tsada a kan irin wannan tamkar garƙama kwaɗo ne a rumbun da gara ta cinye gindinsa. Ɓarayin ma sun koma waya, suna kiran ɗan kasuwar masara su nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, kuma babu manhajar da ke hana mutum karanta musu ita da bakinsa.

Ga sabuwar kwamfuta mai Windows 11 na asali, kariyar da ta zo da ita ta wadatar muddin ana sabunta ta. Kuɗin ya fi amfani a sayi data ta sabuntawa da faifan ajiya na waje.