Ƙarfen da ke Tsakanin Shugaba da Harsashi

A sana'armu ta sanya wa motoci sulke, kusan duk wani ƙarfe da ka gani a jikin motar shugaban ƙasa, sai da aka zubar da jinin wani kafin a yarda a sa shi. Injiniyoyi sun daɗe da sanin yadda ake tare harsashi. Shugabannin ne ba sa so. Mai mulki yana son a gan shi yana ɗaga hannu, mu kuwa burinmu mu rufe shi ruf, kuma wannan ja-in-ja ba ta ƙare ba har yau.

Amurka ta sa wa motar Roosevelt sulke a 1942, bayan harin Pearl Harbor, amma da yaƙi ya wuce sai aka koma wa buɗaɗɗiyar mota. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Kennedy a Dallas cikin Lincoln wadda ba rufi ba sulke. Abin da ke ba mutane mamaki idan na faɗa musu shi ne ba a jefar da motar ba. An kai ta kamfanin Hess & Eisenhardt a Cincinnati, aka warware ta, aka sa mata ƙarfe da gilashi mai kauri da rufi na dindindin, ta koma bakin aiki har 1977. Daga ranar Dallas ne maganar masu tsaro ta fara rinjayar ta 'yan siyasa a can.

Mu a nan darasin ya zo da zafi ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Janar Murtala Muhammad na kan hanyarsa ta zuwa barikin Dodan a baƙar Marsandi irin ta kowa, ba jiniya ba ayarin sojoji, cunkoson Ikoyi ya tsayar da shi, mutanen Dimka masu yunƙurin juyin mulki suka buɗe wuta. Shi da dogarinsa da direbansa duk suka rasu. Motar na nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki hannuna ina ce masa ya je ya tsaya ya dube ta da kyau, ya ga yadda harsashi ke ratsa ƙofar mota ta gama-gari kamar an huda gwangwanin madara. Masu sukar yawan jiniya da dogon ayari suna da gaskiyarsu, ni ma abin na damuna, amma ya kamata su san inda tsoron ya samo asali.

Wanda ba ɗan sana'a ba yana zaton aikin shi ne a lafta ƙarfe. Ai lafta ƙarfe ba wuya. Wuyar tana wurin haɗi: inda ƙofa ta sadu da bodi, inda gilashi ya shiga firam, ramin makulli, inda wayoyi ke ratsawa. Harsashi ba ruwansa da sunan kamfani, kafa yake nema. Shi ya sa muke ɗora wani ƙarfe ya hau bakin wani a kowane gefen ƙofa. Gilashin kuma falle-falle ne aka manne, na can ciki roba ce mai tauri da ke riƙe ɓarɓashi kada ya watsu a fuskar mai gida. A matakin da muke kira B6, wanda ke tare harsashin AK-47, kaurinsa ya kai wajen santimita 4. B7 shi ne na harsashin da aka ƙera don huda ƙarfe, kuma nauyinsa ba a magana.

Nauyin nan shi ne abin da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fi yi mana faɗa a kai. Ka ƙara wa mota tan guda ko fiye, to birkinta na asali ya zama wasa, shakazoba ta zauna, hinjin ƙofa ya soma saki. Sai an sake su duka. Na ga motocin da aka yi wa aikin araha, an sa ƙarfe an bar birki yadda yake. Irin wannan mota ta fi zama haɗari ga mai ita a kwanar hanya fiye da ɗan bindiga. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda ke sa fallayen gilashi su fara rabuwa daga gefe su yi hazo bayan 'yan shekaru. Da ka ga farin nan a gefen gilashi, ƙarfinsa ya ragu, ko da kuwa motar na ƙyalli.

Sulke ba ya hana mutuwa, daƙiƙoƙi yake saya wa direba. De Gaulle na Faransa ya tsira a Petit-Clamart ranar 22 ga Agusta 1962 cikin Citroën DS marar sulke ko kaɗan. An fasa mata tayoyi, amma tsarin shakazobarta mai aiki da ruwa da iska ya riƙe ta ba ta kife ba, direban ya taka ya fice da shi da matarsa. Irin wannan ne ya sa ake cusa zobe mai tauri cikin taya, don mota ta ci gaba da tafiya ko iska ta fita. Mubarak na Masar kuwa ƙarfen ne ya cece shi a Addis Ababa a watan Yuni 1995, da Marsandi mai sulke da aka kawo masa daga Masar, amma ko a nan sai da direba ya juya da ita ya koma filin jirgi. Shevardnadze na Jojiya ya fita da rai a Tbilisi a Fabrairu 1998 bayan an harbi motarsa da roka. A gida ma, bom ɗin da ya tashi kusa da ayarin Janar Buhari a Kawo, Kaduna, a Yuli 2014, kafin ya koma mulki, ya same shi cikin mota mai sulke, ya fito lafiya.

Da maharan suka ga bindiga ta daina ci, sai suka koma bom. Hakan ya kawo na'urar toshe sigina, wadda aka ce ita ta jinkirta bom ɗin gadar Rawalpindi har Musharraf na Pakistan ya wuce a Disamba 2003. Amma tsohon Firayim Ministan Labanan Rafik Hariri yana da sulke yana da na'urar, bom ɗin da aka maƙare mota da shi a Beirut ranar 14 ga Fabrairu 2005 bai bar komai ba. Akwai yawan nakiyar da babu motar da za ta iya da ita, ko ta shugaban Amurka da ake loda wa jirgin soja duk inda za shi.

Sai kuma inda ƙarfenmu ba ya kaiwa, wato 'yan takun da ke tsakanin ƙofar gini da ƙofar mota. A nan aka harbi Reagan a 1981, kuma harsashin da ya same shi jikin motarsa mai sulke ya fara bugawa ya karkato ya shige shi. Ba'are Mainasara na Nijar a filin jirgin Yamai aka kashe shi a Afrilu 1999, yana ƙasa, kuma masu gadinsa ne suka yi.

Benazir Bhutto ta Pakistan kuwa tana cikin Land Cruiser mai sulke ranar 27 ga Disamba 2007 a Rawalpindi. Ta miƙe ta ƙofar rufi don gaida magoya baya, nan aka same ta. Waɗanda ke zaune a ciki sun rayu. Duk da haka, idan kakar zaɓe ta matso, buƙatar farko da ake kawo mana gareji ita ce a yanka rufi a yi wa mai gida ƙofar leƙowa, gilashin baya kuma a gyara shi ya riƙa sauka. Mukan ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa ɓata aikin ne." Sai a ce mana jama'a na son ganinsa, kuma wani gareji ya riga ya yarda zai yi.