Daga tiya zuwa wayar auna zurfi: tarihin awo a kasuwannin Ƙonni, Malbaza da Illela

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu sanya wata sabuwar na'ura cikin tsohon tarihi. Na'urar ita ce wayar hannu mai gane nisan kowane abu da ke gabanta, har ta fitar da siffarsa da tsawo da faɗi da zurfi. Tarihin kuwa shi ne na awo a kudancin jihar Tawa, watau ƙasar Ƙonni da kewayenta. Ra'ayinmu shi ne, a wannan yanki gardamar awo ba ta cika tsayawa kan ingancin ma'auni ba. Tana tsayawa ne kan wanda ke riƙe da shi.

Kafin zuwan Turawa, jikin mutum da ƙwarya su ne ma'aunai. Ana auna sawaye da kamu, igiya da gaba, hatsi a gona da dami, a kasuwa kuma da mudu ko tiya. In ban da zakkar kono, wadda shari'a ta ƙayyade da mudun Annabi huɗu, sauran awo duk abin daidaitawa ne. Tiyar gero takan kai kimanin kilo biyu da rabi, amma wannan lissafin masu bincike ne. Abin da mai saye ke kallo shi ne tozon da ma'auniya ta ɗora, da hannun da ta tallafa da shi, da gyaran da za ta ƙara a ƙarshe. Ke nan cika ake aunawa, ba nauyi ba, kuma a gaban idon kowa.

Awon Bature ya fara shafar wannan ƙasa tun mutanenta ba su gani ba. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka zana baka a kan taswira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingila. A watan Mayu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ragargaza birnin. Sa'an nan Faransawa suka lura cewa bakan ya hana su hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake shiri a 1904 da 1906, Ƙonni ta dawo hannunsu. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi iyakar yana duban taurari yana kafa alamomi. Awon ya yi daidai ƙwarai, sai dai ba waɗanda aka raba gonakinsu ne suka yanke shawarar ba. (Mu tuna wa mai karatu cewa Illelar da ke daura da Ƙonni ta jihar Sakkwato ce, dabam take da Illelar Adar.) Bayan haka sikeli ya iso tare da cinikin auduga, inda ma'aikacin kamfani ke karanta kilo, manomi na tsaye yana jira a faɗa masa.

Ita kuwa wayar da muke magana, asalinta wasa ne. A 2010 Microsoft ya fitar da Kinect, mai aiki da fasahar kamfanin PrimeSense na Isra'ila, wanda Apple ya saye a 2013. Google ya ƙaddamar da shirin Tango a 2014, Lenovo ya fitar da wayar Phab 2 Pro a kansa a 2016, amma aka rufe shirin a 2018. A 2020 Apple ya sa na'urar LiDAR cikin iPad Pro da iPhone 12 Pro. Yadda take aiki ba wuya: tana harba ɗigon haske da ido ba ya gani, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan ta san nisa, har zuwa kimanin mita 5. Idan mai riƙe da ita ya zagaya abu, sai ta haɗa dubban ɗigo su zama siffarsa. A Turai da Amurka magina da dillalan gidaje na zana fasalin ɗaki da ita, masu haƙar dutse na ƙiyasta girman tsibin tsakuwa. Har ila yau tana ɗora hoton abin da babu shi bisa abin da ido ke gani, kamar yadda IKEA ya yi tun 2017 don mai saye ya ga kujera a ɗakinsa kafin ya biya. Wannan na biyun bai dame mu sosai ba a nan.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne cewa wayar cika take aunawa, daidai da tiya. A Malbaza, inda masana'antar siminti ke aiki tun shekarun 1960, dutsen farar ƙasa da yumɓu da wanda Faransawa ke kira gypse duk tsibi-tsibi ake tara su, kuma na ƙarshen nan mutanen karkara ne ke tono shi da hannu. Auna irin wannan tsibi aiki ne da na'urar ta iya, ko da yake hasken rana mai ƙarfi da ƙurar hunturu na rage mata gani.

Sha'anin albasa ya fi wannan sarƙaƙiya. Daga Galmi da Tsarnawa manyan motoci ke ɗaukar ta zuwa Abijan da Akara da Lome, kuma da buhu ake ciniki. Buhun yakan wuce kilo 100, musamman in an ɗora masa hula a baki, kuɗinsa kuwa na buhu ɗaya ne. Manomi ya san ƙarin nan daga gonarsa ya fita. Ɗan kasuwa kuma yana da tasa hujja, domin albasa na ruɓewa a hanya, tana kuma rage nauyi in ta daɗe cikin rudu. Wayar za ta iya nuna cewa buhun Galmi ya fi na wata kasuwa girma, ta ajiye shaidar a aika wa mai saye a Akara. Ba za ta gane ruɓaɓɓiyar da ke tsakiyar buhu ba, wannan har yanzu aikin hanci da hannun dillali ne.

Saura batun kuɗi. An fara sayar da iPhone 12 Pro kan dala 999, fiye da jika ɗari biyar na sefa, alhali wayoyin da suka fi yawa a hannun manoma su ne Tecno da Itel. Bisa ga haka, wanda zai fara mallakar na'urar shi ne mai mota da mai masana'anta, kamar yadda aka yi da sikelin auduga. Hanyar da muke gani ta kauce wa wannan ita ce ƙungiyar manoma ta sayi tata, a riƙa awo a fili da fuskar wayar a buɗe ga ɓangarorin biyu, a kuma fara daidaitawa kan girman buhun da za a kira buhu ɗaya.