Kirɓaɓɓiyar agada da sunayen abincin da ke kewaye da ita

Agada 'yar'uwar ayaba ce, amma ta fi ta girma da kauri, kuma ba a cika cin ta ɗanya ba sai an dafa, an soya ko an gasa. Sunan ya yi kama da ogede, kalmar da Yarbawa ke kiran dangin ayaba da ita, ko da yake a kasuwannin birane yanzu an fi jin filanten.

Ta fi albarka a kudancin Najeriya, inda ruwan sama ke da yawa. Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da Jos, kuma ma'aikata da 'yan kasuwar kudu da suka zauna a garin sun zo da girke-girkensu. Manchok, hedikwatar masarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura, ba ta da nisa daga nan, sai dai tukunyar yankin ta fi sabawa da acca, masara da doya.

A jihar Ribas akwai onunu. Ana dafa doya da nunanniyar agada, a fara kirɓa doyar a turmi tun da zafinta, sannan a zuba agadar, a sa manja, a ci gaba har su haɗe su yi laushi. Akan ci da farfesun kifi. Wadda ta bari doyar ta huce kafin ta ɗauki taɓarya za ta sha fama da gudaji. A Gana kuwa ɗanyar agada ake haɗawa da rogo a yi fufu, abincin da Hausawan zango a Kumasi da Akra suka sani sarai. A Fotoriko ana soya ɗanyar agadar tukuna, a kirɓa ta da tafarnuwa a ƙaramin turmin katako, ana kiran ta mofongo.

Wahalar tana wajen fassara. Sau da yawa akan kira duk waɗannan tuwo, alhali tuwo tuƙa shi ake yi da muciya, daga gari ko shinkafa, a tukunya bisa wuta. Abin da aka dafa sannan aka kai turmi ya fi kusa da sakwara, kuma aikinsa kirɓi ne, wanda ake yi wa abu mai danshi. Daka ya fi faɗi, ya haɗa da busasshen hatsi da ake mayarwa gari, surfe kuma cire dusa ne kawai. Idan aka shanya agada aka niƙa ta aka tuƙa garin, to a nan sunan tuwo ko amala ya dace.

Fate daban ne: a tukunya ake barin kayan su dahu su narke da ganye da mai, kamar faten doya ko na agada. Na tsakin masara ko acca, wanda ake sa wa yakuwa ko rama, shi ne ake kira gwate a Filato da kudancin Kaduna.

Sai dodo, wato soyayyar nunanniyar agada a Yarbanci, wadda ba ta da wata alaƙa da dodon da ake tsorata yara da shi a tatsuniya. Gasasshiyar da ake sayarwa da gyaɗa a bakin titi kuma ita ce boli.