ASALIN MAƘERA DA KAKURI A KUDANCIN KOGIN KADUNA

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana zancen tarihin Kaduna, akan fara ne daga shekarar 1917, watau lokacin da Turawan mulkin mallaka suka tashi daga Zungeru suka mayar da hedikwatarsu nan. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa garuruwan kudancin kogi, musamman Maƙera da Kakuri, suna da nasu asali dabam, wanda ya dogara ga sana'a fiye da mulki.

Mazauna na farko

Tun kafin zuwan Turawa, Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune a wannan yanki suna noma, kuma ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Sunan Maƙera kuwa kalmar Hausa ce mai nufin masu ƙira ko wurin da ake ƙira, abin da ke nuna sana'ar da aka san wurin da ita.

Zuwan jirgin ƙasa

A shekarar 1911 layin dogo daga Baro ya isa Kano bayan ya ƙetare kogin Kaduna. A shekarar 1927 kuma layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan, ya haɗu da shi a kudancin kogin. Wannan mahaɗa ita ta jawo leburori da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga sassa dabam-dabam na Nijeriya. Saboda haka, yayin da arewacin kogi ya zama mazaunin gwamna da akawuna, kudanci ya zama mazaunin masu aikin ƙarfi.

Zamanin masana'antu

Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a shekarar 1957, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Audugar da a dā ake lodawa zuwa Turai sai aka shiga saƙa ta a gida. Daga bisani masaƙun United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, aka kafa hukumar ƙera makamai ta ƙasa a 1964, sannan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Dubban ma'aikata, Musulmi da Kirista, suka zauna a unguwa ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya.

Kammalawa

Ba ganuwa ko fada ce ta tara mutanen Maƙera da Kakuri ba, aiki ne. Da rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba mazauna, masaƙar Kaduna Textiles kuma ta rufe a 2002, sai igiyar da ta ɗaure su ta yi rauni. Tsofaffin ma'aikatan masaƙun nan su ne shaidun wannan tarihi, kuma kullum raguwa suke yi. Ya wajaba a kan manazarta su tattara bayanansu tun suna raye.