Daga Burmi zuwa Jazira: Yadda Mayaƙan Attahiru Suka Kafa Gari a Sudan

Duk wanda ya bi gaɓar Shuɗin Nilu daga Hasahisa zuwa Wad Madani har Sinnar zai ratsa ƙauyukan da ake sallama da Hausa, ake cinikin agashe a bakin hanya. Mutanen ƙasar suna kiran mazaunansu Fallata ko Takari. Da yawansu jikokin alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, amma babban tushen zamansu yana komawa ga wani yaƙi da aka yi a ƙasar Gombe, da kuma wani mayaƙi, Muhammadu Bello Mai Wurno.

Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Tun zamanin Shehu Usmanu ake ta maganar cewa wata rana jama'a za ta nufi gabas don tarbar Mahadi, saboda haka kiran ya samu kunnuwa a shirye. Manoma suka bar gonaki ana dab da shuka, malamai suka ɗaure littattafai a gafaka, sarakuna irin su Ahmadu na Misau suka bar gadon sarauta suka bi shi.

A Burmi, cikin ƙasar Gombe, aka tare su. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen garin suka kori sojan Turawa. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da igwa da bindiga mai ruwa, alhali masu hijira mafi yawansu takobi da mashi da kwari da baka ke hannunsu. Aka wuni ana gwabzawa. Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa shi ma a nan ya faɗi. Mai Wurno, ɗan Attahiru, yana cikin waɗanda suka tsira, kuma shi ya ɗauki nauyin ragowar jama'a.

Tafiyar ta ci shekaru. Hanyar alhazai ce, wadda ke ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, inda ayari kan tsaya ya yi noma damina guda kafin ya ƙara gaba. Wajen 1906 suka iso Shuɗin Nilu kusa da Shaikh Talha, kudu da Sinnar. A nan suka iske abin da suka gudo wa, domin Ingila ta riga ta murƙushe daular Mahadin Sudan a Karari tun 1898. Sai dai yaƙi da yunwa sun rage mutane a yankin, gwamnati kuma tana neman hannun noma. Ta ba Mai Wurno fili, ta amince da shugabancinsa, garin da ya kafa ya ɗauki sunansa, ya zama zangon duk mai zuwa daga yamma.

Abin da ya bazu da jama'ar zuwa arewa shi ne auduga. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe shirin noman Jazira, aka yanka ƙasa gona-gona, kowace ana kiranta hawasha. Tsinkar auduga aikin hannu ne: mutum ya sunkuya tun hantsi, ƙwanso yana soke yatsu, buhu yana ja a ƙugu. Hausawa da Fulani da Barebari suka shiga wannan aiki gadan-gadan. Wasu suka samu hawasha, mafi yawa suka zauna a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, har kewayen Hasahisa inda injinan gurzar auduga suke.

Zuriyar waɗannan mayaƙa ta haura shekara 100 tana noma ƙasar Jazira, tana binne iyayenta a cikinta, amma dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun bar da yawansu suna fafutukar takarda, har yau kuma akwai mai kiransu baƙi. Guminsu yana cikin audugar da ta riƙe tattalin arzikin Sudan shekaru da dama, kuma haƙƙinsu ne a rubuta tarihin Jazira da sunansu a ciki.